Ƙusoshin ɗaure karayar ƙashin baya: me ya sa likita ke ɗaukar wannan ya bar waccan

Idan mutum ya karye a ƙashin baya aka ce sai an yi masa aiki, abin da ke fara shiga hannun danginsa takarda ce: ƙusa kaza, sandar ƙarfe biyu, murfin ƙusa kaza, ga jimlar kuɗi a ƙasa. Wani a rubuta masa ƙusa huɗu, na gadon da ke kusa da shi a rubuta masa takwas, alhali dukansu baya aka ce ya karye. Daga nan ƙananan maganganu ke tashi a inuwar da masu jinya ke shimfiɗa tabarma. Dangin mai takwas su ce an ga Alhaji ne aka tsawwala, dangin mai huɗu su ce an raina aljihunsu. Can sai babban wa ya ja likita gefe ya ce, "Likita, don Allah a sa masa mai kyau, ko nawa ne za mu nemo." Magana ce ta ƙauna, sai dai likitan kirki ba zai iya amsa ta yadda aka yi ta ba, domin babu ƙusa ɗaya da ta fi sauran a kowane hali. Yanayin karayar, da ƙwarin ƙashin mai ita, da kwanakin da aka ɓata kafin a iso, da kayan da ke cikin ɗakin aiki a ranar, su ke yanke hukunci.

Ƙashin baya gaɓoɓi ne a jere: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a ƙugu, sannan na ƙasa waɗanda suka manne da juna. Likitoci na kiran kowace da harafi da lamba, T na gadon baya, L na ƙugu, shi ya sa ake ganin T12 ko L1 a takardar hoto. A takardunmu na Faransanci wani lokaci D12 ake rubutawa maimakon T12, duk ɗaya ne. Kowace gaɓa tana da dunƙulen ƙashi a gaba, shi ke ɗaukar nauyin jiki, da wani ƙashi mai lanƙwasa a baya, a tsakaninsu kuma ga ramin da laka ke bi. Abin da ya haɗa na gaba da na baya wasu gajerun ginshiƙai ne guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ana ce musu fedikul. Duk gaɓar babu inda ya kai su tauri, kuma ta cikinsu ƙusa ke bi daga baya har ta shige cikin dunƙulen. Ta gefen ciki laka ce maƙwabciyarsu, ta ƙasa jijiyar da ke fita daga laka, a gaba kuma, in an zarce dunƙulen, babbar jijiyar jini ce kwance. Ƙusar da ake magana mai haƙora ce, murɗa ta ake yi, kuma a wasu gaɓoɓin hanyar da za ta bi ba ta wuce faɗin milimita 5 ba.

Mafi yawan karayar da ke ƙasa da wuya tsakanin T11 da L2 take faruwa, daidai inda sashen da haƙarƙari suka tokare ya haɗu da sashen ƙugu mai lanƙwasuwa. Wanda ya faɗo daga kan gawo da rani yana sara wa dabbobi ganye, wanda ya sulluɓo daga saman kamyo ranar kasuwa a hanyar Tasawa ko ta Dakoro, ɗan kabu-kabu da mota ta yi sama da shi, mai haƙar rijiya, mai haƙar zinari irin na yankin Ɗan Isa inda rami ya rufta a watan Nuwamba na 2021 ya kashe aƙalla mutum 18: in bayan ya karye, galibi a nan ne. Kuma a nan laka ke ƙarewa ga babban mutum, wajen L1 zuwa L2, daga nan sai damin jijiyoyi ya ci gaba, har da masu kula da fitsari da bayan gida da kusantar iyali.

Ba kowace karaya ce ke son ƙarfe ba. Tun 2005 akwai wani ma'auni da Alexander Vaccaro na Amurka da abokan aikinsa suka fitar, ana kiransa TLICS, wanda ke ba karaya maki ta fuska uku: siffarta, wato gaɓar lotsawa kawai ta yi, ko ta tarwatse, ko ta goce daga layi, ko ta ɗaye, halin da laka da jijiyoyi ke ciki, da kuma ko igiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi ta baya sun tsinke. Maki 3 zuwa ƙasa, korse, wato rigar tauri mai tokare baya, da haƙuri. Maki 5 zuwa sama, aiki. Na 4 ya rage ga likita. Abin lura a ma'aunin, wanda lakarsa ta taɓu amma yana ɗan ji ko yana ɗan motsa yatsa ya fi wanda ya shanye ɗungurungum maki, 3 da 2, domin shi ke da sauran abin da za a ceto. A 2003 kuma Kirkham Wood da abokansa suka wallafa wani bincike a Amurka, inda aka kasa masu tarwatsattsiyar gaɓa amma ƙafafunsu lafiya gida biyu, wasu aka yi musu aiki, wasu aka sa musu korse ko ɗaurin filasta. Da aka bibiyi mutum 47 bayan ƴan shekaru, ba a ga waɗanda aka yanka sun fi sauran samun sauƙi ba. Saboda haka idan likita ya duba hoto ya ce a tafi da korse, ba korar talaka ya yi ba.

In kuwa aiki ya zama dole, ga abin da ƙarfen ke yi. Mai ɗori yana jera kara a gefen karyayyen hannu ya ɗaure. Karan ba ya haɗa ƙashi, hana shi motsi yake yi har jiki ya haɗa abinsa. Sandunan nan biyu karan ɗori ne da aka shigar ciki, ƙusoshin kuma su ke ɗaure su da lafiyayyun gaɓoɓi na sama da na ƙasa. Sai dai wannan ɗorin yana ɗauke da nauyin rabin mutum, kuma kowane juyi da kowane taku suna ɗan lanƙwasa shi. Ƙarfe yana gajiya. Dunƙulen gaɓa na buƙatar kamar wata uku kafin ya haɗe, in kuma an zuba dashen ƙashi don gaɓoɓin su manne har abada, wata shida zuwa shekara. Ko dai ƙashi ya riga warkewa, ko ƙusa ta riga karyewa ko ta yi sako-sako. Duk zaɓin da likita ke yi ƙoƙari ne na ganin ƙarfen ya jure har ƙashi ya karɓi nauyinsa.

Kafin ƙusa, ƙugiya ake amfani da ita. Paul Harrington na Amurka ya ƙera sanduna masu ƙugiya don yaran da shan inna ta karkatar wa baya, ya bayyana su a 1962, daga baya aka riƙa arowa ana ɗaure karaya da su. Sai an kama gaɓoɓi da yawa, kuma ƙugiyar kan suɓuce. Bafaranshe Raymond Roy-Camille ya fara bi ta fedikul da ƙusa a 1963, ya wallafa a 1970, yana haɗa ƙusoshin da faranti mai huji. Hujin faranti a ƙayyade yake, fedikul kuwa ba ya zama inda maƙeri ya so, don haka a shekarun 1980 aka koma sanda, a hannun su Yves Cotrel da Jean Dubousset a Faransa da Walter Dick a Suwizalan.

Daga nan babbar muhawarar ta samo asali, wato ta kan ƙusa. Kowace ƙusa tana da kai mai tsaga inda sanda ke kwanciya, a murɗa murfi a sama ya danne ta. A wata, kan da jikin ƙarfe guda ne, ba ya motsi. Ita ake rubutawa monoaksiyal a takarda. A wata kuma ƙarshen jikin dunƙulalle ne, kan yana zaune a kansa yana karkata kowane ɓangare kamar digiri 25 zuwa 30, sai an ɗaure murfi yake tsayawa; ita ce poliaksiyal. Idan ka riƙe ta a hannu ka girgiza, kan zai riƙa rangaji yana ɗan ƙara, wanda bai sani ba sai ya ɗauka lalatacciya aka sayar masa.

Mai juyawar ta yi farin jini don ta sauƙaƙa aiki. Fedikul ɗin gaɓoɓi ba a layi ɗaya suke ba, na L1 kusan a miƙe ake shigarsa, na L5 a karkace sosai, don haka kawunan ƙusoshi ba sa jeruwa. Da mai tsayayyen kai, sai likita ya yi ta lanƙwasa sanda har ta dace da kowane kai, in kuwa ya tilasta mata shiga, ƙarfin ya koma kan ƙashi, ƙusar ta fara sassautawa tun majinyaci bai farfaɗo ba. Da mai juyawa, kan ne ke zuwa ya tarbi sanda. A aikin ciwon ƙugu na tsufa, inda ba a neman ɗaga komai, ita ke gaba, kuma takan fi tsada saboda ƙirarta ta fi wuya.

Karaya fa daban take. Gaɓar da ta tarwatse ta lotsa ta gaba, bayan ya yi doro a wurin, wani gutsure ya koma baya cikin ramin laka. Ana son a ɗaga ta ta dawo tsayinta, a miƙe doron. Ƙusa mai tsayayyen kai tana kama sanda a tsaye cak, babu sassauci, don haka idan an lanƙwasa sandar daidai siffar lafiyayyen baya aka ɗaure, dole gaɓoɓin su bi. Ƙusar Schanz ta fi nan ƙarfi. Doguwa ce, bayanta yana fitowa waje da yankan, likita ya kama biyu na sama da biyu na ƙasa ya matso da ƙarshensu kusa da juna, gaban gaɓar ya buɗe, sannan ya ɗan ja tsakaninsu, ya ɗaure, ya datse abin da ya yi saura. Idan aka yi haka, igiyar da ke bin bayan dunƙulen takan ɗame ta tura gutsuren da ya shiga ramin laka ya koma gaba, ba tare da an taɓa shi da hannu ba. Mai juyawa ba ta da wannan ikon sosai. Kanta yakan bi sanda maimakon ya tilasta ƙashi, kuma gwaje-gwajen da aka yi da na'ura sun nuna cewa in nauyi ya yi yawa, mahaɗar kai da jiki ce ke fara zamewa. Shi ya sa aka ƙera ta tsaka-tsaki, wadda kanta ke karkata dama da hagu kawai amma ba ya sunkuyawa sama ko ƙasa.

A ganina, ga matashi mai ƙashi mai ƙwari da ya iso da wuri da gaɓar T12 ko L1 a tarwatse, mai tsayayyen kai ko Schanz ta fi cancanta, ko da mai tsayayyen kan ce mai arha a takardar. Amma da sharaɗin ya iso da wurin. Dabarar ɗame igiyar nan a kwanakin farko take ci. Jini yakan daskare, nama ya fara kama gutsattsarin, bayan mako biyu ko uku ƙashin ya fara ɗanko a inda ya tsinci kansa, ja ba ya motsa shi. Mu kuwa mun san yadda tafiyar take: kwana kaɗan a gida ana shafe-shafe, a kai wa mai ɗori, in ƙafa ta ƙi a nufo Maraɗi daga Mayahi ko Gidan Rumji, a yi hoto, sannan a shiga sayar da tumaki da buhunan gero ana tara kuɗi, wani ma sai an wuce da shi Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600. Kafin a kai ga wuƙa, amfanin ƙusa mai ƙarfin ɗagawa ya ragu, aikin ya koma na buɗe ramin laka da riƙe baya yadda aka same shi, ko na sare ƙashi a gyara, wanda ya fi girma ya fi zubar da jini. Ƙusar da ta dace da mutum ranar da ya faɗi ba lallai ba ne ita ce ta dace da shi bayan wata guda.

Sai kauri da tsawo. Ƙusoshin gadon baya da ƙugu galibi suna kamawa daga kaurin milimita 4.5 zuwa 7.5, kuma a ƙugun babban mutum mai kaurin 6.5 da tsawon 45 ita aka fi gani. A hoton sikana ake auna fedikul kafin a shiga: na tsakiyar gadon baya, wajen T4 zuwa T6, shi ya fi ƙunci, wani bai kai milimita 5 ba, na L5 kuwa yakan kai 15 ko fiye. Ƙarfin da ƙusa ke da shi na jure lanƙwasa yana bin kaurin cikinta ne, ban da haƙora, a ninka shi sau uku a kansa: mai cikin milimita 4 ta ba da 64, mai 5 ta ba da 125. Ƙarin milimita ɗaya tak ya kusa ninka ƙarfin. Wannan ke sa likita son mai kauri, amma in ta fi ƙarfin fedikul sai ta tsaga shi, riƙon ya tafi, jijiya ta shiga haɗari. Binciken da aka yi a kan ƙashin mamata ya nuna wajen kashi 60 cikin 100 na riƙon ƙusa daga fedikul yake fitowa, sauran daga dunƙulen. Tsawo kuma ana so ya ci kamar kashi 80 cikin 100 na zurfin gaɓar, a tsaya kafin bangon gaba.

A ɗakin aiki majinyaci na kwance rub da ciki, an tokare ƙirjinsa da ƙugunsa, cikin yana reto don kada jini ya taru a jijiyoyin baya. Wannan kwanciyar kaɗai tana ɗan miƙe doron. Likita ya huda bakin fedikul, ya tura wani tsinken ƙarfe mai ɗan lanƙwasa a hankali yana jin laushin ƙashin ciki. In ya ji tauri kwatsam, bango ya taɓa. In ya ji ya zurma, ya fasa. Ya zare, ya sa wani siriri mai ɗan ƙulli a baki ya lalubi ramin: sama, ƙasa, dama, hagu, da ƙuryar ciki, ko'ina sai ya ji ƙashi. Sannan ƙusa ta shiga. Daga yadda take cijewa a murɗin ƙarshe gogaggen hannu ke sanin ko ƙashin nan abin dogaro ne, kuma sau da yawa a daidai nan ake canza shawara, a ce a ƙara gaɓa ɗaya sama. Shi ya sa adadin da ke takarda da adadin da aka sa wani lokaci ba sa zama ɗaya.

Batun huɗu da takwas kenan. Gajeren ɗauri shi ne gaɓa ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ƙusa huɗu. Yanka kaɗan, jini kaɗan, kuɗi kaɗan, kuma bayan bai sandare da yawa ba. An yi murna da shi sosai har zuwa 1993, lokacin da Robert McLain da abokansa suka ba da rahoton ƙusoshin da suka lanƙwashe ko suka karye tun ba a je ko'ina ba, doron ya dawo. Dalilin a fili yake: in dunƙulen gaba ya niƙe, ba ya ɗaukar komai, duk nauyin ya rataya a wuyan ƙusa huɗu. A 1994 McCormack da abokan aikinsa suka fitar da lissafin da ke duba yawan niƙewar, da nisan da gutsattsarin suka watsu, da girman doron da za a miƙe, kowanne maki 1 zuwa 3. In jimlar ta kai 7, gajeren ɗauri shi kaɗai ba abin yarda ba ne. To sai a tsawaita, biyu sama biyu ƙasa, ƙusa takwas. Ko a sa wasu gajeru biyu a cikin karyayyar gaɓar kanta in fedikul ɗinta bai fashe ba, su zama shida, su tokare tsakiya. Ko a cire niƙaƙƙen dunƙulen a sa madadinsa na ƙarfe, wanda aiki ne babba. Gaɓar da ta goce daga layi gaba ɗaya kuwa dogon ɗauri take so, babu ciniki.

A gadon baya dogon ɗauri ba ya rage wa mutum motsi da yawa, tun da dama haƙarƙari sun ƙayyade wurin. A ƙugu ne kowace gaɓa ke da daraja. Mutumin da rayuwarsa noma ce a duƙe, da tsuguno, da zaman tabarma, da ruku'u da sujada sau biyar a rana, in an ɗaure masa har L3 ko L4 zai ji a jikinsa kullum. Ya kamata likita ya tambayi sana'ar majinyaci kafin ya ƙirga ƙusa, kuma ƙusoshi shidan nan suna da amfani a nan don suna ceto gaɓa ɗaya ko biyu.

Duk wannan lissafin na mai ƙashi mai ƙwari ne. Tsohuwar da ta daɗe da daina al'ada, ƙashinta ya yi saƙa-saƙa a ciki, ƙusa ba ta karyewa a jikinta, tumɓukewa take yi, ko ta riƙa cin ƙashin a hankali tana faɗaɗa raminta. Kuma ba tsofaffi kaɗai ba: ƙwayoyin ƙiba irin su deksametazon da ake saye a tebur ana sha watanni suna zaizaye ƙashi, har ka ga mace ba ta kai arba'in ba ƙashinta na ƴar saba'in. Duk mai shan su ta faɗa wa likita, kunya ba ta da wuri a nan. Ga irin wannan ƙashi akwai ƙusa mai rami a tsakiya da ƙananan huji kusa da baki, bayan ta shiga a tura mata wani irin siminti na likita, mililita ɗaya zuwa uku, ya fita ta hujin ya daskare a kewayenta cikin mintoci. Riƙon yana ƙaruwa ƙwarai. Haɗarinsa, simintin na iya silalewa cikin ramin laka ko ya bi jijiyar jini ya tafi huhu, don haka ba a tura shi sai ana kallon hoto kai tsaye, kuma cire irin wannan ƙusar daga baya wahala ce. Inda babu ita, sai a ƙara yawan gaɓoɓin da aka kama don nauyin ya rarrabu. Wanda kuwa bayansa ya lotsa ba tare da ya faɗi ba, a fara neman dalili, domin tarin fuka na cin ƙashin baya, ciwon daji ma haka, kuma na tarin fuka maganin watanni shi ne gaba, ƙarfe taimako ne in an buƙace shi.

Akwai kuma aikin da ba a buɗe baya, a yi ƴan ƙananan yanka, a bi da allura da siririyar waya, a zura ƙusa mai rami a kan wayar. Tsoka ba ta wahala, jini kaɗan ne, wanda ba ƙaramin abu ba ne a inda dangi ke layin ba da jini. Amma idon likita a nan na'urar hoto ce ta cikin ɗakin aiki, dole ta kasance lafiya da wutar da ba ta ɗaukewa daga farko har ƙarshe, kuma ta waɗannan ƙananan yankan ba a buɗe ramin laka. Yawancin ƙusoshin wannan hanya masu juyawa ne, ko da yake an ƙera masu tsayayyen kai dominta. Likitan da ya saba da buɗewa, kayansa na buɗewa ne cikakku, gara ya buɗe.

Ƙarfen kansa yau galibi titaniyom ne gauraye da alminiyom da banadiyom. Ya fi inoks dacewa da hoton IRM, wanda ake buƙata in ana son ganin laka daga baya, kuma ba a so a gauraya inoks da titaniyom a ɗauri ɗaya saboda tsatsa. Manyan kamfanoni irin su Medtronic da DePuy Synthes suna da nasu, ga kuma na Indiya da Sin da Turkiyya masu sauƙin kuɗi. Arha ba ta nufin banza. Abin dubawa shi ne kayan na da sunan kamfani da lambar ƙira da shaidar inganci. Wuya zance ne na daban: ƙusoshinsa ƙanana ne, kaurin milimita 3.5, tsawon 14 ko kusa, kuma sau da yawa ta gaban wuya ake shiga da faranti.

Abin da ya fi ciwo a faɗa wa dangi shi ne ƙusa ba ta ɗinke laka. In ta tsinke, ko zinari aka sa ƙafa ba za ta tashi saboda shi ba. In matse ta aka yi, lokacin da aka saki matsin shi ne abin lura. A binciken da Michael Fehlings na Kanada ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2012 a kan mutum 313 masu raunin laka a wuya, kusan 20 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki kafin awa 24 sun samu ci gaba mai yawa, waɗanda aka jinkirta kuwa ba su kai 9 cikin 100 ba. Ga wanda ya shanye ma ƙarfen na da amfani: ana iya juya shi, a zaunar da shi cikin kwanaki, a fara motsa masa jiki, ya tsira daga gyambon kwanciya da ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa, waɗanda su ke kashe irin waɗannan majinyata. Kuma lakar da faɗuwa ta bari, ɗauka na iya ƙarasa ta. A kwantar da mutum a miƙe kan ƙyaure ko katako, mutum uku ko huɗu su ɗaga shi lokaci ɗaya, ɗaya na riƙe da kai. Kada a naɗe shi a kujerar mota, kada a sa shi tsakiyar mutum biyu a kan moto, kada kowa ya ja shi don ya "koma wurinsa".

Shin ana cire ƙarfen? In an zuba dashen ƙashi gaɓoɓin sun manne, galibi barinsa ake yi sai in ya dami mutum ko ya yi ruwa. In riƙo kawai aka yi ba tare da dashe ba, musamman ga matashi, akan cire shi wajen shekara guda, bayan hoto ya tabbatar ƙashi ya haɗe, don gaɓoɓin su dawo da motsinsu kafin ƙarfen ya gaji. Ƙusar da aka gani a karye a hoto bayan ƙashi ya riga ya warke, mutum kuma ba ya jin komai, ba lallai ba ne a taɓa ta. Ciwo sabo da ke ƙaruwa, doro da ke dawowa, zazzaɓi, ruwa daga tabon, ko ƙafa ta fara nauyi, waɗannan ba sa jiran ranar da aka rubuta a koma.

Kowane kamfani da irin bakin murfinsa da abin kwance shi, sandunan ma wasu milimita 5.5 ne wasu 6. Wanda aka yi wa aiki a Yamai ko Kano ko Indiya, ranar da ake son cirewa ko gyarawa a wani asibitin, tambayar farko ita ce na wane kamfani ne, domin in abin kwancewar bai dace ba sai an yanke sanda a cikin jiki. Kafin a sallame ku, ku nemi rahoton aikin a rubuce, da sunan kamfanin, da kaurin ƙusoshin da tsawonsu, da gaɓoɓin da aka kama, ku ɗauki hotonsa a waya, ku adana shi tare da hotunan sikana na kafin aiki da na bayansa.